Neman shawara: ɗalibai takwas a rukuni, amma mutum ɗaya ke ɗaukar aikin

Malamin sashen kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai da injiniyoyi. Shawararku nake nema a kan wani darasi da aka ɗora mini shekara biyu ke nan. Ɗaliban aji uku ne, na kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki, ana haɗa su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙera wani abu na fasaha tun daga tunani har ya tsaya da ƙafarsa: manhajar waya, ko ƙaramar na'ura mai sensa (abin da ke auna yanayi, kamar zafi ko nisa), ko duka biyun. Makonni 14 muke da su.

Abin da na gani ranar gabatarwa ta bara ne ya hana ni sukuni. Wani rukuni mai mutum takwas ya kawo na'urar da ke auna ruwan tanki ta aika saƙo zuwa waya. Ta yi aiki, kowa ya tafa. Sai na tambayi wata yarinya mai natsuwa da ke tsaye can gefe, me ya sa suka zaɓi sensar da ke auna nisa da sauti, suka bar wadda ke shawagi a kan ruwa. Ta dubi na kusa da ita, shi ma ya dubi na kusa da shi, har tambayar ta sauka kan yaron da ke riƙe da kwamfutar. Shi kaɗai ya san amsa. Washegari ya same ni a ofis, ido ja wur, ya ce kwana tara rabonsa da barcin kirki. Ita ma yarinyar ta zo, ta ce wallahi ba ƙin aiki ta yi ba, sau uku tana neman a ba ta wani ɓangare ana ce mata "bari kawai, na riga na gama". Kuma duka takwas ɗin maki ɗaya na ba su.

Abin yana cina. Yaya zan raba rukunin bana, yaya zan ba da maki da adalci, kuma yaya zan gano matsala tun kafin ranar ƙarshe?

Wani dattijon malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai takwas sun yi yawa. Yi lissafin hanyoyin magana tsakanin mutane: huɗu suna da hanyoyi 6, biyar suna da 10, takwas kuwa 28. Ɗalibin da ya iya aiki zai ga ya fi masa sauƙi ya yi shi kaɗai da ya tsaya yana bi ta kan mutum bakwai. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, tun 1975 ya rubuta cewa ƙara mutane a kan aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi, kuma yawan hanyoyin nan na cikin dalilan da ya kawo. Kafin shi ma, wani injiniyan aikin gona a Faransa, Max Ringelmann, ya gwada mutane da jan igiya, ya ga cewa gwargwadon yawansu, gwargwadon raguwar ƙarfin da kowa ke sawa. Ya wallafa wannan a 1913. To ka ga ba halin ɗalibanka kaɗai ba ne, halin ɗan Adam ne idan ya san ba a ganin hannunsa.

Ka mayar da su huɗu ko biyar. Kuma kai za ka raba su, kada ka bari abokai su zaɓi juna, domin aboki ba ya iya ce wa abokinsa bai yi aiki ba. Kowane rukuni ya samu na lantarki da na kwamfuta.

Wani injiniyan manhaja ya amsa:

Ranka ya daɗe Malam, ni ba malami ba ne, amma sabbin ma'aikatan da muke ɗauka daga hannunku suke fitowa, shi ya sa zancen ya shafe ni. A ganina babbar matsalar ita ce sau ɗaya kake ganin aikin, a mako na 14. Lokacin kuwa alƙalami ya bushe.

Mu a wurin aiki muna bin tsarin Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka tsara. Ana yanka aiki gajeru-gajerun zango, kowane bai wuce wata ɗaya ba, mu mako biyu muke yi, kuma a ƙarshen kowane zango dole a nuna abin da ke aiki. Ba hoton allo ba, ba alkawari ba, abin da za a danna ya motsa. Ba sai ka ɗauko tsarin duka ba, ɗalibai suna da wasu darussan. Amma ka ɗauki wannan guda: duk mako biyu rukuni ya zo ya nuna, kuma kai za ka zaɓi wanda zai yi bayani a nan take, ba su ba. Da zarar sun san kowa na iya faɗawa, gwanin cikinsu zai zauna ya koya wa sauran, don makinsa ma ya rataya a bakinsu.

Na biyu, su ajiye aikinsu a Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da kowa ya tura, tun makon farko, kuma ka kafa doka cewa babu wanda zai shigar da abin da ya rubuta cikin babban reshe, wato ainihin kwafin aikin rukunin, sai wani ɗan rukunin ya karanta ya amince. Da wannan dokar tana nan bara, da yaron nan bai iya gama komai shi kaɗai cikin dare ba.

Wata malamar tsara kayan fasaha ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni wata tambaya ce ta tsaya mini: kafin su ƙera na'urar tankin nan, sun zauna da mutum ko ɗaya mai tanki? Ina tambaya ne saboda idan darasi ya zama rubuta manhaja da haɗa waya zalla, wanda ya fi saurin hannu shi zai cinye shi. Ƙera kaya kuwa ya fi haka faɗi.

Ni makonni uku na farko ba na bari a rubuta ko layi ɗaya. Su fita su yi hira da waɗanda za su yi amfani da abin, su dawo su zana fuskokin manhajar a takarda, su ajiye a gaban baƙo su ce "nuna mana yadda za ka yi rajista", sannan su yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya. Na taɓa ganin wani rukuni sun zuba wa wani bawan Allah ido yana ta laluben maɓallin da suka tabbata kowa zai gani, yatsansa na yawo a kan takardar kusan minti biyu. Ɗaya daga cikinsu har yana cije leɓe don kada ya nuna masa. Ranar suka sake zanen gaba ɗaya, kuma takarda kawai suka yi asara. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, saboda haka ba taro ake buƙata ba.

Sai dai ka sa ido a kan abu ɗaya, don na sha gani: a mayar da mace ko mai shiru-shiru sakatariyar rukuni, ita ce rubuta rahoto, ita ce shirya allon gabatarwa, har darasin ya ƙare ba ta taɓa na'urar ba. Su riƙa musayar ayyuka kowane zango, kuma a rubuta wa ya riƙe me.

Wani tsohon ɗalibi ya amsa:

Malamaina, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ne irin yaron nan mai jan ido a lokacinmu. Maganar Git gaskiya ce, amma don Allah Malam kada ka ƙirga yawan abin da mutum ya tura ka mai da shi maki. A ajinmu da aka ce za a yi haka, wani sai ya gyara waƙafi ɗaya ya tura, ya gyara wani ya tura. Wanda ya kwana biyu yana farautar kuskure guda ya gyara layi uku sai ya fito kamar bai yi komai ba. Ka duba tarihin don ka san abin da za ka tambayi mutum, shi ke nan.

Kuma in faɗi laifina: ni ma na hana mutane aiki, don ina tsoron su ɓata mini maki. Babu wanda ya taɓa ce mini koya wa ɗan'uwana yana cikin abin da ake aunawa. Da an faɗa, da na yi.

Dattijon malamin ya ƙara da cewa:

Madalla da wannan gaskiya, ɗana. A kan maki, Malam, ni rabi nake ba rukuni gaba ɗaya. Sauran rabin na kowa ne shi kaɗai: ganawar minti goma da ni, inda zai buɗe ɓangarensa ya yi bayani in kuma ce ya canza wani abu a gabana, sai kuma ƙimar da abokan aikinsa suka ba shi a asirce. Akwai manhajoji irin su CATME da aka yi don wannan, amma takarda ma ta isa. Muhimmin abu a yi ƙimar sau biyu. Ta tsakiyar darasin ba ta shiga maki, gargaɗi ce kawai, don mai sanyin jiki ya samu damar gyarawa. Kuma idan ka ga rigima ta tashi wajen mako na huɗu ko na biyar, kada ka yi gaggawar raba su. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana a 1965 cewa rukuni kan bi ta matakin saɓani kafin ya daidaita. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rukunin da ba a taɓa jin muryarsa ba.

Malamin da ya yi tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, na karanta kowace amsa sau biyu. Malama, amsar tambayarki ita ce a'a, ba su zauna da kowa ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya rage mini shi ne lokaci. Ɗalibai 60 ne, idan na yi biyar-biyar rukuni 12 ke nan, mataimaki ɗaya gare ni.

Injiniyan ya amsa:

Zai yiwu, ranka ya daɗe. Raba su gida biyu, shida wannan makon, shida mako mai zuwa, kowane rukuni minti 15, awa ɗaya da rabi ke nan a mako. Sauran rukunan su zauna su kalla, kowane ya yi tambaya ɗaya. Mataimakinka ya leƙa Git ɗinsu daren da ya gabata ya rubuto maka sunan wanda ba a ga hannunsa ba, shi za ka fara kira. Idan kana so zan turo maka takardar da muke cikewa a ƙarshen kowane zango, tambayoyi uku ne kacal a cikinta, sai ka gyara ta ta dace da ɗalibai.

Malamin ya ce:

Turo don Allah, Injiniya. Ranar Litinin nake raba rukunan.