Neman kalma: masses filtrantes da nitrate a tankin kififiya

TafintaGarwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar kula da kififiya daga Faransanci, ranar Alhamis za a kai wa mai bugawa. Kalma biyu sun tsaya mini: masses filtrantes, wato abubuwan da ake jerawa a matatar tanki, da kuma nitrate. Ku taimaka.

MaiKifiLagdo: Wa alaikumus salam. Kafin laƙaba suna a sani abu uku ne a ciki, kowanne da aikinsa. Ruwa yana fara bi ta soso, shi ke tare kashi da ragowar abinci. Sai zobban yumɓu masu ƙananan ramuka, nan bakteriya ke zama. Sai gawayi, mai ɗauke wari da launin rawaya. Ni dai "kayan cikin matata" zan ce.

DattijonMarwa: Kayan ciki ai na mahauta ne, yaro. Kuma wannan jimla ce, ba suna ba. Ku ce hanjin matata: ƙazanta ta shiga ta nan, ta narke, ruwa ya fita ta can.

MaiKifiLagdo: Baba, ka hana kayan ciki ka kawo hanji?

MalamarKimiyya: Baba, da girmanka, hanji zai ɓatar da mai karatu. Kowa ya san yadda ake wanke hanji, a juye shi a dirje har ya yi fes. Wanda ya yi wa zobban yumɓu haka ya kashe tankinsa. Kashin kififiya da ruɓaɓɓen abinci suna fitar da amoniya, bakteriyar da ke kan zobban ta mai da ita nitrit, wata kuma ta mai da nitrit nitrat. Na farko biyu guba ne, dole awo ya nuna sifili. Sabuwar matata takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar ta kafu, wanka ɗaya da ruwan famfo mai kulorin kuwa zai iya kashe ta ya mai da kai farko. Abin da ake yi: a ɗebi ruwan tankin a bokiti, a matse soso a ciki har ruwan ya yi baƙi, zobban kuwa girgiza su kawai ake yi a mayar. In soso ya mutu a sauya rabi, bayan mako 3 ko 4 a sauya sauran. Malam Tafinta, sa "kayan tacewa".

TafintaGarwa: Kayan tacewa ya shiga kunne, Malama. Nitrate fa?

DattijonMarwa: Kanwar kashi. Gishiri ne da ke taruwa a ruwa daga kashi. Sai yaushe za mu daina bara a ƙofar Faransa?

MalamarKimiyya: Wannan kam haɗari ne, Baba. Kanwa abu ne na daban da ke cikin kowane madafi, kuma in ta shiga tanki tana ɗaga pH, wato tana rage tsamin ruwa, amoniya kuwa ƙara dafi take yi idan pH ya hau, musamman a ruwa mai ɗumi. Wani zai karanta ya ɗauka akwai alaƙa.

ƊanKusiri: A rubuta naitiret, haka na ga 'yan Najeriya suna yi. Takardar za ta iya tsallake iyaka.

MaiKifiLagdo: Wa ke cewa naitiret a Garwa? Yaron da ya yi makaranta a nan nitrat ya ji a bakin malaminsa. Ba duk abin da aka yanke a Kano ne za mu haɗiye ba.

ƊanKusiri: Daidaitacciyar Hausa dai a can take, ko ka so ko ka ƙi. Kai da rabin maganarka Fulatanci ne.

MaiKifiLagdo: Daidaitaccen rubutu ne a can, ba aron Ingilishi ba. Kuma tsallaka gada ka shiga Njamena ka tambayi mai Larabci, shi ma nitrat zai ce maka.

DattijonMarwa: Ku ji fa, faɗa ake kan wane Bature za a bi. Tun kafin a haife ku ake Hausa a Marwa.

TafintaGarwa: Jama'a, Alhamis na matsowa. Ga jimlar da ke gabana: matata ba ta cire nitrate.

MalamarKimiyya: Ita ce jimla mafi muhimmanci a takardar, kada ka gajarta ta. Matata ce ma ke samar da nitrat, gawayi kuma ba ya ɗauke shi, shi kansa gawayin bayan kamar wata guda ya gama aiki sai a zubar. Canjin ruwa ne magani. A riƙe nitrat ƙasa da miligiram 40 a lita, in ya tsaya wajen 20 ya fi. Lissafin a fili yake: tanki mai nitrat 80, ka canza kwata da ruwa mai tsabta ya koma 60, ka canza rabi ya koma 40. Kwata zuwa kashi 30 cikin 100 kowane mako ya isa yawancin tankuna, a zuƙo daga ƙasa da tiyo inda kashi ke kwanciya. Ka ƙara abu biyu da takardar Turai ba za ta damu da su ba. A zafin Maris da Afrilu ruwa na ƙafewa da sauri, ciko kuwa ba canji ba ne, ruwa ne ya tashi, nitrat na nan. Sannan a auna ruwan rijiya kafin a zuba, rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake sa takin zamani tana iya zuwa da nata nitrat ɗin.

MaiKifiLagdo: Da ɗaukewar wuta. Matatar da take a rufe, in ta yi sa'o'i ba gudu, iska ta ƙare a ciki, bakteriya ta fara mutuwa. Kafin a kunna a buɗe a shinshina, in ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai a zubar da ruwan cikin, a ɗauraye kayan da ruwan tanki. Kififiya ta fi kifi ƙazanta nesa ba kusa ba, don haka tanki mai lita 200 a sa masa matatar da aka yi wa lita 400 zuwa 600, a riƙa ciyar da kififiyar a roba daban. Kainuwa ma na shan nitrat, sai dai kififiyar kan cinye ta.

DattijonMarwa: To bakteriya fa? Ita ma haka za ku bar ta?

ƊanKusiri: Ƙwayoyin cuta.

MalamarKimiyya: Ka ce wa mutum ya kiwata ƙwayoyin cuta a ɗakinsa? Gobe zai zuba wa matatar ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta. Kuma takardar tana da ƙwayar cuta ta gaske, salmonela da kififiya ke ɗauke da ita, wadda saboda ita ake wanke hannu da sabulu bayan aiki. Kada a haɗa su a suna ɗaya.

TafintaGarwa: Na tsayar: kayan tacewa, sai soso, zobban yumɓu, gawayi. Nitrat da NO3 a gefensa, nitrit da NO2, yadda suke a jikin kwalbar awo, don harafi ɗaya ne tsakaninsu. Bakteriya mai amfani na sa kafin a samo wadda ta fi.

ƊanKusiri: In an karanta a Maiduguri aka yi dariya, ba ruwana.

DattijonMarwa: Kayan tacewa ba laifi, ko da yake ba shi da gishiri. Nitrat kuwa ban sa hannu ba. In za a sake bugawa a tuntuɓe ni tun da wuri.