Musayar Waƙa: Yaran Nan Biyar na Central Park

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "ba" ne. Batun kuwa yaran da aka ɗaure a New York kan fyaɗen da ba su yi ba.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da bai zalunci kowa ba.
Afrilun 1989 ce,
Daren da unguwar Harlem ba ta manta ba.
An tsinci mace a lambun Central Park,
Jina-jina, ba ta san inda take ba.
Aka kamo yara biyar rigis,
Babbansu bai wuce 16 ba.
Huɗu baƙaƙe, guda ɗan Latino,
Ba a bar musu kafar tsira ba.

'Yar Katsina:
Yaya, ka sosa min inda ke ƙaiƙayi.

Jaridu sun ce garken kyarkeci ne,
Tun alƙali bai ko zauna ba.
Trump ya sayi shafi a jaridu 4,
A dawo da hukuncin kisa, bai ji nauyi ba.
An tsare yara ana ta tambaya,
Dare ya raba, ba su runtsa ba.
Huɗu suka amsa laifi gaban kyamara,
Bakinsu bai zo ɗaya ba.
Gwajin DNA da ya fito,
Bai nuna ko ɗayansu ba.

Dattijon Zongo:
'Ya'yana, ku dakata.

Trisha Meili ce sunan matar,
Ban ji kun ambace ta ba.
Kwana 12 tana a sume,
Fushin gari ba a banza ya zo ba.

'Yar Katsina:
Gaskiyarka, Baba, Allah ya ƙara girma.

Ita ma an cuce ta sau biyu,
Don ba a kamo mai laifin ba.
Matias Reyes na yawo a gari,
Ba a waiwayi inda yake ba.
A watan Yuni ya kashe mai ciki,
Da an bi sawu, da bai kai gare ta ba.

Baƙon Harlem:
Ina zaune a unguwar, bari in ɗora.

Iyaye mata sun sha zaman kotu,
Zagin jama'a bai kore su ba.
Mahaifiyar Yusef, ɗaya cikin yaran, ta tsaya kyam,
Ba ta taɓa sakin ɗanta ba.
Korey Wise, babbansu, aka kai kurkukun manya,
Shekara 13 bai shaƙi iskar gari ba.
A 2002 Reyes ya tona kansa,
DNA bai ƙaryata shi ba.
Kotu ta soke hukuncin duka,
Amma ba ta maido ƙuruciya ba.
2014, dala miliyan 41,
Birnin ya biya, bai ce ya yi kuskure ba.
Yusef Salaam a 2023,
Harlem ba ta zaɓi wani kansila ba.
Trump kuwa ya ƙi neman afuwa,
A 2024 suka kai shi ƙara, ba su ƙyale ba.