Neman kalma: me za mu kira "ground clearance" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wani bayani a kan ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V, sai na ci karo da "ground clearance", wato nisan da ke tsakanin ƙasa da abin da ya fi komai saukowa a ƙarƙashin mota. Na rubuta "tsayin mota", amma bai kwanta min ba.

Direban haya: Wa alaikumus salam. Malam, cire wannan. Da ka ce tsayin mota, rufinta kowa zai kalla. Mu a tasha cewa muke yi "tana da ƙafa", ko "ta yi ƙasa da yawa". Ka sa "tsayin ƙafa" kawai.

Bakanike: Oga direba, a gareji in an ce ƙafa, taya ce da abin da ke riƙe da ita, kuma ba su ne ke cin duka ba. Abin da ake kawo mana shi ne salansa ta ɓalle, ko kaskon inji ya fashe baƙin mai ya tsiyaye, ko robar ƙasan bamba ta yage. Duk a cikin motar suke. Sannan ido na yaudara. Toyota C-HR ka gan ta kamar jif, da manyan tayoyi, amma kusan santimita 15 ne tsakaninta da ƙasa, Corolla kuwa wajen 13. RAV4 ta 2019 ita ce ta kai kusan 21. Kalmar da za ku zaɓa dole ciki ya fito a cikinta.

Wani ɗalibi: To "tashin ciki" fa?

Direban haya: Ƙanena, wannan sai a kai ta kemis.

Hajiya mai RAV4: Ni tambayata daban ce. Wannan ƙarin santimita shida ko takwas, ya kai a biya masa kuɗi? Da Camry nake yawo a da, kowane tudun rage gudu sai na karkata na haye shi a kaikaice, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na huta da wannan. Amma mai ta fi sha, tayoyinta ma sun fi tsada.

Bakanike: Hajiya, in layinku bai ga kwalta ba, ko kina zuwa ƙauye da damina, ya kai. Hanyar da manyan motoci suka haƙe sawu biyu suka bar doro a tsakiya, can ne za ki gane amfaninsa. Abu biyu dai a kiyaye. Adadin da kamfani ya rubuta galibi na motar da ba a yi wa lodi ba ne. Ki zuba mutum biyar da buhun masara, in sifirin ya gaji, kin koma kusa da Camry. Na biyu ruwa. Mutum ya ga motarsa ta ɗago sai ya faɗa kududdufi da gudu, ruwa ya bi ta wurin shaƙar iska, injin ya yi nokin. Kuma tun da nauyinta ya hau sama, a shiga kwana a hankali.

Ɗan Damagaram: A wajenmu "garde au sol" ake cewa, da Faransanci. Amma a rairayi ba shi kaɗai ke fitar da mutum ba. Da yawan waɗannan motocin ƙafar gaba ce kawai ke ja. In ba kat-kat ba ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, kuma ba ka rage iskar taya ba, za ta nutse har cikin ya zauna. Kalma kuwa, me zai hana "rata"?

Mai fassara: Madalla! "Ratar ciki". Na so "tazara", amma ta fi kama da nisan gari da gari. Sai a ce "ratar cikinta santimita 21", ko "ba ta da ratar ciki". Ita zan sa, in bayyana ta a karon farko.

Direban haya: A takarda na yarda. A tasha dai "tana da ƙafa" za mu ci gaba da cewa.

Bakanike: Ba laifi. Malam, ka ƙara musu cewa masu cusa roba a saman sifirin don ƙara rata su je a sake saita musu ƙafa, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda.