Sabuwar cibiyar wasanni da benen ajiye motoci a jami'a: shawarwarin da aka bayar

A tattaunawar da aka yi kan shirin gina sabuwar cibiyar wasanni da benen ajiye motoci a jami'a, mahalarta sun fi daɗewa a kan wurin ajiye motoci fiye da cibiyar kanta, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Mota ɗaya na cin kusan murabba'in mita 30 idan an haɗa da hanyar shiga da juyawa, ga shi gurbi a bene ya fi na fili tsada nesa ba kusa ba. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa ba a magana. Shi ya sa aka ce kada a auna girman benen da cunkoson ranar babban wasa. Malamai da ɗalibai su ajiye da rana, 'yan kallo da yamma, gurbi ɗaya ya ishe su. Wasu suka ce a yi daɓen a miƙe, rufin da tsayi, don in buƙata ta ragu a mai da benen ofisoshi, a kuma binne bututun wayar cajin motocin lantarki tun kafin a zuba kankare.

A kan cibiyar, an ja kunne game da wurin ninƙaya. Mai tsawon mita 50 ya dace da manyan gasa, amma danshi da kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan da shi, na cin ƙarfen rufi, hidimarsa kuma ba ta ƙarewa. Hanyar tsere ta mita 400 ba ta jawo gardama ba.

An kuma nemi a ware wa sauran ɗalibai lokacinsu a rubuce, kada 'yan wasan jami'a su mamaye komai, sannan a raba ƙofar masu tafiya a ƙasa da ta motoci.