Rijiyarmu tana warin fetur, dole sai an kwashe ƙasa?

Mai Rijiya:
Assalamu alaikum. Tun daminar bara ruwan rijiyar gidanmu yake warin fetur, da safe har maiƙo ake gani a saman guga. Akwai gidan mai a bayan katangarmu, muna zargin tankinsu na ƙarƙashin ƙasa ne ke yoyo. Mun yashe rijiyar sau biyu, ba a kwana uku warin ya dawo. Yanzu wajen 'yan ga-ruwa muke saye, jarka shida kullum. Ana iya gyara ƙasar da ruwan a inda suke, ba sai an rushe gida ba?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ana iyawa, amma ba da yasa ba. Man yana kwance ne a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kana kwashewa wani yana gangarowa. Sai an fara tsayar da yoyon, don haka ku kai koke NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai. Daga nan a haƙa siraran ramuka irin na burtsatse, a hura iska ta wasu zuwa cikin ruwan, inji ya zuƙe tururin man ta wasu. Akwai kuma ƙwayoyin halitta a ƙasa masu cin fetur, in suka sami iska sai su ƙara ƙaimi. Aikin watanni ne, wani zubin shekaru.

Don Allah kada ku sha, ko an tafasa. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu benzin a rijiyoyin Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, kuma ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

'Yar Anka:
Mu a Zamfara da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, kankare ƙasar tsakar gida aka yi, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka yi nasu. Har yau in na ga yaro yana wasa da ƙasa gabana faɗuwa yake. Me ya hana a yi mana wannan dabarar iskar?

Injiniyan Ruwa:
Allah ya jiƙansu, Hajiya. Dalma ba ta ruɓewa, babu ƙwayar halittar da ke cinye ta, ga ta kuma cikin ƙurar da yara ke kai wa baki. A nan kwashewar ce daidai. Wata gubar kuma tare ta ake yi a hanya: a Elizabeth City ta Amurka, a 1996, an binne katangar garin ƙarfe a gaban gurɓataccen ruwa, tana mai da sinadarin kuromiyam mai guba da ke cikin ruwan ya zama nau'in da ke maƙalewa a ƙasa.

Mai Rijiya:
Na gode, Injiniya. Yau na sa wa murfin rijiyar kwaɗo saboda yara. Gobe zan zaga maƙwabta in ji ko tasu ma ta fara wari, mu rubuta takardar tare.