Na gama kallon Succession, sai shagon mahaifinmu ya dawo mini

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Jiya da daddare na ƙarasa Succession, duka kashi 39, kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan taɓa ƙarshensa.

Labarin wani dattijo ne, Logan Roy, mai katafaren kamfanin jaridu da talabijin a Amurka, da 'ya'yansa huɗu. Tun da aka fara shirin a 2018 har aka rufe a 2023, rigimar ɗaya ce: wa zai gaji kujerar. Inda ya fi sosa mini rai shi ne bayan rasuwar dattijon a zango na 4, da aka samu wata takarda a ma'ajiyarsa ɗauke da sunan ɗansa Kendall, da layi a jiki. An rasa gane ko ja wa sunan layi ya yi a ƙasa, ko soke shi ya yi. Nan na tsayar da kallon na yi shiru.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara 30 yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mu 14 ya bari, ɗaki uku. Ni na zauna da shi a shago tun ina sakandare. Na san wanda ake ba dila bashi ya kai Maraɗi ya dawo da kuɗi cif, na san wanda ko yadi biyar ba a ba shi sai ya biya. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa ni zan riƙe wurin, amma maganar baki ce, kuma babu wasiyya ga magaji. Aka yi wa kaya kuɗi, aka sayar da shagon, aka raba yadda Allah ya ce. Ba wanda ya ci haƙƙin wani. Sai dai sana'ar ta bi mai ita, abokan cinikin shekara 30 suka watse cikin wata shida.

Tambayata: me ya sa shirye-shiryenmu masu dogon zango ba sa shiga wannan lungun? Kuma akwai wani shiri, na kowace ƙasa, da ya nuna yadda kasuwancin gida ke tsallake rasuwar mai shi?

Baba Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ɗana.

Mu a zamaninmu Dallas muka kalla, wanda aka yi daga 1978 zuwa 1991, labarin gidan Ewing masu rijiyoyin mai a Texas. Akwai abin da ya yi kama da naka a ciki. Da uban, Jock, ya mutu, sai wasiyyarsa ta raba kamfanin tsakanin J.R. da ƙanensa Bobby, kowa ya juya rabi na shekara guda, wanda ya fi kawo riba ya karɓi ragama. Wato ko daga kabari yana haɗa 'ya'yansa faɗa.

Ka lura da wannan: a wurinsu uba yana iya rubuta dukiyarsa ga wanda ya ga dama, ya hana wanda ya ga dama. Shi ya sa 'ya'yan Logan suka tsufa suna rawar jiki a gabansa, yana yi musu wasa da hankali. Mu kuwa kason kowa an yanke shi tun kafin a haife shi, wasiyya ba ta wuce sulusi. Ɗan Bahaushe ba ya tsoron a cire shi daga gado. Rigimarmu takan zo ne a kan me da me ke cikin dukiyar, wa ya ɓoye takardar fili, wa ya ce motar kyauta aka ba shi. In marubutanmu suka kwaikwayi Succession kai tsaye, ƙarya za su yi. Ni dai na fi son Dallas, don mutanen cikinsa suna da sauran kunya da zumunci. Wancan na kasa wuce kashi biyar saboda ashar.

Maman Hanifa:

Baba, a yi mini afuwa, ban yarda namu ba su taɓa ba. Gidan Badamasi na Arewa24 ai ba wani abu ba ne illa wannan: attajirin tsoho mai maƙo, da tarin 'ya'ya kowa ya zuba wa dukiyarsa ido. Barkwanci ne, amma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san 'yan ubancin da ke ƙarƙashin dariyar.

Inda nake tare da Yaya Ɗan Kwari shi ne, ba a nuna mana yadda ake neman kuɗin. A Labarina mun ga Mainasara da dukiya mai yawa yana ɓoye ta don ya gwada soyayya, kuma na ji daɗinsa. Amma attajirin fim ɗinmu daga mota sai falo sai ofis mai kujera mai juyawa. Ba ka ganin ranar da kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa, ko ranar da Dala ta tashi ya kasa barci.

Kuma kowa na maganar Kendall, ni Shiv, 'yar Logan, ce ta tsaya mini a rai. Uban ya yi mata alkawarin kujera, ya janye, a ƙarshe mijinta Tom aka naɗa. Na ga irin haka a danginmu, 'yar da ta fi kowa iya lissafi ba a ko kira ta zaman rabon ba, sai aike aka yi mata da kasonta.

Abu Sadiq:

Malam Ɗan Kwari, aikina duba lissafin kamfanoni ne, kuma abin da ya kashe shagonku na gan shi ba sau ɗaya ba. Rabon gado bai wajabta a sayar da sana'a ba. Da an yi wa shagon rajista a matsayin kamfani mai hannun jari, sai magada su gaji hannun jarin, mata su raba tumuninsu, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, shagon yana nan a buɗe. Kai kuma a naɗa ka manaja da albashi, a raba riba ƙarshen shekara. Wanda ya matsu ya sayar wa ɗan'uwansa kasonsa.

Darasin da ke cikin Succession ke nan wanda zagi ya rufe: mallaka daban, gudanarwa daban. Dattijon ya mutu amma kamfanin bai girgiza ya faɗi ba, hukumar daraktoci ce ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, 7 da 6, aka sayar.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, kasuwancin gidan ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, jikoki da tattaɓa-kunne suka ɗora. Irin wannan labarin nake jira wani ya rubuta mana a zango uku.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya, da Malam Abu Sadiq. Maganar rajistar nan ta zo a kan gaɓa. Yanzu ni da ƙanena muna da ƙaramin shago na haya, rabi da rabi, kuma babu ko takarda ɗaya tsakaninmu. Shi 'ya'yansa uku, ni biyar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zaunar da shi mu yi maganar.