Libarba mun gane, ita ɗayar fa me za mu kira ta?

Jama'a, a taimaka min da kalma. Jimla ɗaya ce cikin fassarar da nake yi ta riƙe ni tun jiya: mutum yana so ya ce saitinsa ya fi kyau da libarba a kan irin ƙaramar bindigar nan da Turawa ke ce wa semi-otomatik. Rabin farko ya fito salin-alin. A rabi na biyu alƙalami ya cije.

Libarba dai tsohuwar kalmar aro ce, bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa rifolba ta koma haka. Matsalarta ɗaya, a bakin mutane da yawa duk bindigar da ta shiga aljihu libarba ce. Alhali sunan na mai juyi ne kaɗai, wadda ke da 'yar ganga a tsakiya mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa, gangar na juyawa tana kawo su bakin bututu ɗaya bayan ɗaya. Irinta ce Samuel Colt ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1836. Ni a ganina a mayar wa libarba gadonta. Inda ake tsoron ruɗani a ƙara "mai juyi", shi ke nan.

Ɗayar ce ƙarfen ƙafa. Na ga inda aka rubuta "mai rabin sarrafa kanta". Don Allah wane rabin, na gaba ko na baya? Wannan ɗauko Turanci ne aka sa masa hula. Wanda bai taɓa ganin bindigar ba zai ɗauka ta lalace ne, tana aiki tana tsayawa.

Ga abin da take yi. Harsasai suna jere cikin kurtu, wato gidan harsashi, a cikin mariƙi. Ka ja kunama, harsashi ya fita, ƙarfin fitar ya tura murfin sama baya, murfin ya fizgo kwanso ya watsar, sifirin ya dawo da shi gaba, a hanyar dawowa ya kwaso sabon harsashi ya zura a bututu. Duk kafin ƙiftawar ido. Daga nan sai ta tsaya tana jiranka. Ko ka danne kunama har gobe, ba za ta sake harbi ba sai ka saki ka kuma ja. Ja ɗaya, harsashi ɗaya. Wadda ake dannewa ta yi ta ɓarin wuta ita ce 'yan jarida suka saba ce wa mai sarrafa kanta, a bar mata sunanta.

Ke nan abu ɗaya tak take yi da kanta: sa wa kanta harsashi. Jamusawa, waɗanda suka fito da na farko-farkonta, Borchardt a 1893 da Mauser a 1896, sunan da suke kiranta ma'anarsa ke nan, mai loda kanta. Shi ya sa nake ba da shawarar "mai ɗura wa kanta", a taƙaice ɗura-kai.

Wani ɗan'uwa ya amsa: "Malam, ɗura ai na gari ne da ruwa. Albarushi ake ɗurawa, harsashin zamani loda shi ake yi."

Gaskiyarka, Yaya, a baki loda ake cewa. Sai dai loda-kai ya fi kama da wanda ya cusa kansa a motar da ta riga ta cika. Ɗura kuwa ta daɗe tare da bindiga, tun ana zuba mata albarushi ta baki, kuma kalma ba ta mutuwa don kayan aiki ya sauya. Har yau muna cewa buga waya, alhali ba wayar ba bugun.

Wata 'yar'uwa ta kawo ɗana-kai, tunda ɗanawa ta fi kusa da shirin harbi, kamar ɗana tarko da ɗana baka. Na so wannan har raina, ta fi daɗi a kunne. Abu biyu suka hana ni. Ba kowace ce ke ɗana kanta gaba ɗaya ba: Colt 1911 ta John Browning, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, murfinta kan bar guduma, wato ƙarfen bayan da ke dukan allura ta tayar da harsashi, a ɗane bayan kowane harbi, amma Glock, wata irin ɗura-kai, ba ta da guduma ma, allurarta kan tsaya a tsakiya, yatsanka ne ke ƙarasa ɗanawar. Na biyu, ina bukatar kalmar ɗana a wani wurin, kuma can ne ainihin maganar saitin take.

Libarbar zamani, irin Smith & Wesson Model 10 da ake ƙerawa tun 1899, hanya biyu ake harba ta. Ko ka ja guduma baya da babban yatsa, ganga ta juya, kunama ta matso ta zama sai ɗan taɓi, ƙasa da kilo 2 ya ishe ta. Ko kuma ka bar guduma a kwance ka ja kunama tun daga farko, ita ce za ta juya ganga, ta ɗaga guduma, ta sake ta, duk a ja ɗaya mai tsawo mai nauyin wajen kilo 5. A bisa tsarin harba-ka-ruga, na farko na sa masa ɗana-ka-harba, na biyu ja-ta-ɗana.

A duba lissafin nan. Bindigar kanta nauyinta wajen kilo ɗaya ne. Ana so ka ja kilo 5 da yatsa ɗaya, a jikin abin da bai wuce kilo ɗaya ba, kuma kada ya motsa. Tsakanin tsinin saiti na gaba da tsagar baya wajen santimita 15 ne. In tsinin ya kauce da milimita ɗaya kacal, a nisan mita 15 harsashi ya kauce da santimita 10. Milimita ɗaya fa.

Na ga wannan da idona a filin gwajin harbi. Takarda biyu aka liƙa min, nisa ɗaya. Da na yi ɗana-ka-harba, ramukan shida suka taru har tafin hannu zai rufe su, na fara jin kaina. Da aka ce in yi ja-ta-ɗana, da bindigar nan dai, da harsashin nan dai, suka watse kamar an tsorata kaji, biyu ma sai a gefen takarda na same su. Sannan aka miƙo min Glock 17. Kunamarta wajen kilo biyu da rabi ce, kuma haka take daga harsashi na farko har na 17. Ramukana ba su kai taruwar farko ba, amma sun fi na biyu nesa ba kusa ba, sai dai duk sun gangara ƙasa ta hagu. Mai koyarwar ya ce in sake, ya faki idona ya sa harsashin wofi a tsakiyar kurtu. Da na iso kansa bindiga ba ta tashi ba, sai ga bakinta ya duƙa ƙasa a hannuna, kowa na gani. Ashe tun kafin ƙara nake zabura ina danne ta.

To wanda ya ce ya fi saiti da libarba, tambayar farko ita ce: da wace kunamar? Jimlar da nake fassarawa ba ta faɗa ba, kuma ba tare da wannan ba magana biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya.

Wani dattijo da ya ce ya yi shekaru yana riƙe su duka biyun ya shigo da nasa: libarba ta fi gaskiya, domin bututunta a kafe yake da jikinta, saitinta ma ba ya motsi, ita kuwa ɗayar bututu na sunkuyawa, murfi na kai da kawowa da saitin a bisa kansa.

Baba, ranka ya daɗe, ban musa ba, haka ƙirar take a mafi yawansu. Amma a ɗaure kowacce a maƙalin ƙarfe a cire hannun mutum, mai kyau a cikinsu duka biyun za ta tara harsashi fiye da yadda hannun yawancinmu zai iya. Har a gasar Olamfik ta harbin sauri a mita 25, ɗura-kai mai ƙaramin harsashi ake riƙewa. Maganar Baban ce ma ta nuna min muna cusa abubuwa biyu cikin kalmar saiti. Akwai saitin bindiga, abin da ƙarfen zai iya. Akwai saitin hannu, abin da kai za ka iya da shi. Sannan akwai taruwa, wato ramuka su haɗu wuri ɗaya ko da ba a tsakiya ba, kamar nawa da suka yi taro a ƙasa ta hagu. Mai taruwa gyara kaɗan yake bukata. Mai watsuwa ne aiki ke gabansa.

Saura ƙarfin nan da ke dawowa hannu bayan harbi. Da farko na rubuta harbin baya, sai na tuna a Hausa jaki ma harbi yake yi, bindiga ma harbi, jimla za ta zama "harbin harbinta". Shuri ya fi. Shurin libarba kai-tsaye yake shiga tafin hannu, na ɗura-kai kuwa murfi da sifirin suna shimfiɗa shi, sai ya zo da ɗan sassauci. Wanda ya fi tsoron shuri, nan ma saitinsa zai nuna.

Ga yadda jimlar ta tsaya yanzu: "Saitin hannuna ya fi kyau da libarba in na yi ɗana-ka-harba, amma in ja-ta-ɗana ce, ɗura-kai ta fi tara min." Na karanta wa wani da bai taɓa riƙe bindiga ba, bai tambaye ni wane rabin ba. Ɗura-kai kaɗai ya tsaya a kai, na ce mai ɗura wa kanta harsashi, ya gyaɗa kai muka wuce.

Murfin nan mai kai da kawowa ne har yanzu ban gamsu da sunansa ba. An kawo zamiya, an kawo majanyi. Na fi karkata ga zamiya, amma 'yar'uwar da na ƙi wa ɗana-kai ta ce ba za ta bar min wannan ba, tana nan tafe da nata.